Stellaris zai yi wa sabon shiga?

Ɗan uwa ka tambaya ko Stellaris zai yi wa sabon shiga, tunda ka ji ana cewa wannan gem na kafa daula a sararin samaniya na da wuya. Gaskiya suka faɗa maka. Kamfanin Paradox na Suwidin ne ya fitar da shi a 2016, kana farawa a shekarar 2200 da duniya ɗaya tal da 'yan jirage, daga nan sai bincike, mamayar taurari, ƙawance, yaƙi. Makon farko wallahi ban gane komai ba, ina ta gine-gine ashe maƙwabcina ƙarafan ƙera jiragen yaƙi yake tarawa, rana ɗaya ya zo ya share ni kaf.

Masu yabonsa labaran da ke ɓullowa ne ke jansu, kowane zagaye daban. Masu ƙorafi kuma abu biyu ne, tsadar DLC (ƙarin kayan gem da ake saya daban) da suka yi yawa, sai nauyin da gem ɗin ke yi can ƙarshe idan jama'ar daulolin cikinsa ta yi yawa, kwamfuta har numfashi take.

Ni dai shawarata ka zaɓi ƙaramar taswira, ka rage wahalar, kar ka sayi DLC tukuna.