Tambaya da Amsa: Tsohon Soro da Filastar Siminti

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da soron kakanmu a Unguwar Jahun, ginin tubali, zaurensa da bakan gizo, wato ginin da aka lanƙwasa kamar baka yana ɗauke da rufi. Mun yi masa filastar siminti don ya daɗe, ga shi yanzu tana ɓamɓarewa, gindin bango kuma yana zaizayewa. 'Yan uwa sun ce a rushe a yi na bulo. Mece ce shawararku? (Wani mai karatu, Bauchi)

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada a rushe. Simintin ne ya cuci soron. Bangon ƙasa yana shan laima da damina, ya fitar da ita in rana ta buga. Siminti ya toshe wannan mafita: ruwa ya shiga ta tsaga, ya maƙale, yana jiƙa tubali a ɓoye. Ƙwanƙwasa bangon, duk inda ya amsa kamar ganga, filastar ta riga ta rabu da ƙasa.

Ka jira damina ta wuce, wajen Nuwamba. A ɓamɓare simintin kaɗan-kaɗan da ƙaramar guduma, a bar bango ya sha iska har ya bushe sarai. Daga sama ake fara gyara. Indararo da ya toshe ko ya gajarta shi ke zuba ruwa a jikin bango, sai a tsawaita shi. Sannan a soka wuƙa a kan kowace azara, daidai inda ta shige bango, domin nan ruɓa ke farawa. Wadda ta yi laushi a tokare rufin kafin a zare ta. A nemo ta giginya da ta ƙosa, gara ba ta cika cin ta ba, kuma kada a ɗora ta a tazarar da ta wuce ƙafa 6 babu madogari. In tsagar a bakan gizo take, wannan aikin gwanin magini ne, don azara ce ɗaure da igiya a cikinsa.

Ƙasar yaɓe a kwaɓa ta da ciyawa da kashin doki, a tattake, a bar ta kwanaki ta ruɓa. A yayyafa wa bango ruwa, a yaɓa kaurin da bai wuce santimita 2 ba, ya bushe kafin a ƙara. Wanda ya yi gaggawa ya lafta da kauri, tsagewa zai yi. A rufe da makuba ta ɓawon ɗorawa. Rufi kuwa laso ya fi dacewa da shi, wato katsin marina da gashin jima da dafara (wani tsiro mai yauƙi), sai dai ya yi wuya tun da marinai suka ragu. A yi dakali a gindin bango, a karkata ƙasa yadda ruwa zai gudu waje. Kowane Afrilu a hau a duba.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce. Ina zan kai ɗalibai su ga gine-ginen tarihi? (Wata mai karatu, Gombe)

Amsa: Malama, fara da Gidan Madaki a Kafin Madaki, hedikwatar Ganjuwa. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi wajen 1860, kuma tun 1956 yake cikin kayan tarihi na ƙasa. A sa yara su ɗaga kai su ga yadda bakan gizo ke ɗauke da rufi ba ƙarfe ba siminti. A cikin Bauchi akwai fadar Sarki, da ƙofofin ganuwa irin su Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti, da kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa. Kusa da ku ga Gombe Abba a Dukku, cibiyar Buba Yero, wanda ya kafa masarautar Gombe, kafin sarauta ta koma Nafada a 1913, sannan Gombe a 1919. Ki je da rani, kuma ki aika wa hakimi takarda tun kafin ranar.