Anti, Ina Za Mu Samu Likitan Ƙwaƙwalwa?

TAMBAYA: Salam Anti, da fatan kina lafiya. Dan Allah ƙanena ne, shekararsa 23, yau kusan wata uku ke nan ba ya barci, sai ya kulle ɗaki yana magana shi kaɗai, wai ana binsa, abincin Mama ma ya daina ci wai an sa masa wani abu. An yi ruƙiyya har sau huɗu, yanzu kawunmu ya ce a kai shi gidan mari. Ni dai hankalina ya fi kwanciya da asibiti amma Baba ya ce ɗansa ba mahaukaci ba ne. Wai me likitan ƙwaƙwalwa yake yi ne, kuma ina ake samunsa? Daga 'yar'uwarki a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba shi lafiya. Maganar gidan mari dai don girman Allah ki roƙi kawu a bar ta, ba mu manta da ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka fito da su daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019 ba, wasu da sarƙa a ƙafa. Mara lafiya magani yake buƙata.

Shi wannan likita, likita ne kamar kowane, ya yi shekara shidansa a jami'a yana karatun likitanci, sannan ya ƙara wasu shekarun ya ƙware a kan cututtukan hankali da tunani. In kun je ki ce sashen masu taɓin hankali kuke nema ko ki ce saikayatri, domin in kika ce likitan ƙwaƙwalwa kawai ana iya tura ku wajen masu duba shanyewar ɓarin jiki ko masu tiyatar kai. Akwai kuma masanin halayyar ɗan'adam, shi da zama da tattaunawa yake aiki, ba ya rubuta magani.

Ranar farko yawanci hira ce mai tsawo, zai tambayi yaushe abin ya fara, yaya barcinsa, ko akwai mai irin wannan a dangi, ko yana shan wani abu irin su wiwi ko tiramol ko kodin, to a nan fa kar a rufa masa asiri, gaskiya ita za ta taimake shi. Yana iya sa a yi gwajin jini saboda zazzaɓi mai zafi da farfaɗiya da ciwon maƙoƙo duk suna iya rikita mutum. Daga nan sai magani, ƙwaya ko allurar wata-wata, kuma da yawa ba a ma kwantar da su, a gida suke sha suna komawa ganin likita. Wannan shi za ki faɗa wa Baba cikin ladabi, ko ki samu wani babba da yake jin maganarsa, ki ce a layin ganin wannan likita akwai masu ciwon damuwa da masu rashin barci da masu jego da tunani ya yi musu yawa. Ita kanta dokar ƙasa ta canza, a Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Kuma ba wanda zai hana ku addu'a, ku ci gaba da abinku tare da magani.

Ku da kuke Funtuwa, asibitin koyarwa na Shika a Zariya ya fi muku kusa, sai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da asibitin Malam Aminu Kano, Sakkwato akwai na Kware, Maiduguri ma akwai na tarayya. Ku fara zuwa babban asibitin garinku a rubuta muku takardar turawa, ku yi sammako don yankar kati, kuma wanda ya fi sanin yadda abin ya faro shi zai raka shi.

Maganin yakan ɗauki makonni kafin a ga sauƙi sosai, in kun ga jikinsa ya yi tauri ko hannu na rawa ko miyau na zuba ku koma a gyara masa, kar ku tsayar da maganin da kanku, kuma ko ya warware sai likita ya ce a daina. Amma in ya fara maganar kashe kansa ko ya ƙi ci da sha gaba ɗaya, kar ku jira ranar kilinik, ku wuce da shi sashen gaggawa a ranar.