Tambaya da Amsa: Katin Ƙungiyar Ƙwadago a Bangon Falo

TAMBAYA: Malam, Allah ya ƙara basira. Ɗana yana karatu a birnin Pittsburgh na Amurka, yana haya a gidan wata dattijuwa da ta riƙe shi tamkar jikanta. Ya ce a bangon falonta akwai wani tsohon kati cikin gilashi, katin ƙungiyar ƙwadago na marigayi mahaifinta, ɗan Sulobakiya da ya yi ƙaura yana saurayi, ya ƙarar da ƙarfinsa a masana'antar ƙarfe. Duk shekara, ranar da ya rasu, sai ta sauko da katin ta ba jikokinta labarinsa. Su wane ne mutanen nan, kuma me ya ba kati wannan daraja? Abin ya taɓa ni, domin Baba, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin masaƙa ne a nan Gusau, ɗan ƙungiya kuma, amma ba mu adana komai nasa ba.
Wata uwa daga Tudun Wada, Gusau

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya kuma ba yaro sa'ar karatu.

Sulobakiya ƙasa ce mai duwatsu a tsakiyar Turai, babban birninta Bratislava, kuma ranar 1 ga Janairun 1993 ta rabu da 'yan Cek cikin lumana ta zama ƙasar da muka sani yau. Kafin 1918 yankin yana ƙarƙashin masarautar Hangari, manyan gonaki na hannun 'yan tsiraru, talaka kuwa ga talauci ga matsin lamba a kan harshensa a makarantu. Tsakanin 1880 da 1920, kimanin 'yan Sulobakiya rabin miliyan suka ƙetare teku zuwa Amurka, kuma jihar Pennsylvania, inda ake haƙar kwal ana narka ƙarfe, ita ta fi ɗibar su. Da yawa cin rani suka tafi, da niyyar tara kuɗin gona su dawo gida, wasu suka dawo, wasu aure da 'ya'ya suka zaunar da su.

Aikin da suka tarar shi ne amsar tambayarki. Baƙo da bai iya Turanci ba, shi ake turawa bakin tanderu, inda zafi ya fi tsanani, lada kuma ya fi ƙanƙanta. Awa 12 ake yi a rana, sau da yawa kwana bakwai a mako, kuma ranar da za a sauya mutum daga aikin rana zuwa na dare yakan yi awa 24 a tsaye. Daga Yulin 1906 zuwa Yunin 1907, ma'aikata 526 suka mutu a haɗurran wurin aiki a gundumar Allegheny, wadda Pittsburgh ke cikinta. Ganin babu mai share wa gwauruwa da marayu hawaye, sai suka kafa ƙungiyoyin taimakon juna: a 1890 aka kafa National Slovak Society a Pittsburgh da Jednota a Cleveland, kowa yana zuba ɗan abin da ya samu duk wata, idan an yi rasuwa a yi jana'iza a ba iyali abin riƙewa.

Neman haƙƙi daga masu masana'anta kuwa da jini aka biya shi. Ranar 10 ga Satumban 1897, a garin Lattimer na jihar Pennsylvania, jami'an tsaron gunduma suka buɗe wa masu haƙar kwal wuta suna tattaki babu makami, suka kashe aƙalla 19, akwai 'yan Sulobakiya a cikinsu. Mu ma mun san irin wannan rana, domin a 1949 'yan sandan mulkin mallaka sun harbe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley ta Inugu. Babban yajin aikin ƙarfe na 1919 ya watse ba tare da biyan buƙata ba, kuma a shekarun nan wanda aka gane ɗan ƙungiya ne yana iya rasa aikinsa, sunansa ya shiga baƙin littafi. Sai a 1935 doka ta tabbatar wa ma'aikata 'yancin kafa ƙungiya, a 1937 kamfanin U.S. Steel ya amince ya zauna da wakilansu, aka tsayar da awa 40 a mako, sannan a 1942 aka kafa ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe ta United Steelworkers.

A ganina, Hajiya, abin da dattijuwar ke nuna wa jikokinta ke nan. Hoto yana nuna kamannin uba, katin kuwa shaida ne cewa baƙon da aka ɗauka ƙarfi kawai ya zo sayarwa ya kai matsayin da ba a korarsa sai da dalili, yana kuma da bakin magana a kan albashinsa. Masana'antar ƙarfe ta Homestead da ke gefen Pittsburgh ta rufe a 1986, kuma mutumin Gusau ba ya buƙatar a yi masa bayanin yadda gari ke komawa idan injina suka yi shiru.

Game da Baba, kada ki yanke ƙauna. Ki fara da Inna da gwaggonni, a buɗe tsofaffin akwatuna da adaka, domin a nan katin shaidar aiki, takardar albashi, da hotunan ranar ma'aikata kan ɓuya. Abin da ya fi gaggawa shi ne abokan aikinsa da suka rage, tunda shekaru sun ja. Ki aiki wani daga cikin 'ya'yanki da goron gaisuwa, ya nemi izini ya naɗi muryarsu a waya, ya tambaye su sashen da Baba ya yi aiki, saƙa ne ko kaɗi ko rini, wane muƙami ya riƙe a ƙungiya, da yadda ya tsaya lokacin da albashi ya yi jinkiri. Hedkwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa tana Kaduna, kina iya rubuta musu ki tambaya ko akwai tsohon rajistar reshen Gusau. Wannan ƙari ne a kan addu'a da sadakar da kuke yi masa.

Shi kuma yaron, ya roƙi dattijuwar cikin ladabi ta bar shi ya duba shekarar da ke kan katin da lambar reshen. Idan ya aiko miki da su, ki sake rubuto mana, mu duba abin da ke faruwa a masana'antun ƙarfe a wannan shekarar.