Amsar tambayarka a kan Dashain da shiga gidan mutanen Nefal

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, saƙonka ya iso ni. Ka ce abokin aikinka na Katmandu, babban birnin Nefal, ya gayyace ka gidan iyayensa lokacin Dashain, kana son sanin mene ne jan abin nan da suke liƙawa a goshi, kuma ko ƙin karɓarsa zai zama cin fuska ga masu gida. Bikin ya riske ni a can lokacin da aiki ya kai ni, saboda haka abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Dashain shi ne babban bikinsu, ana yin kwana 15 ana yinsa, kuma yana faɗowa ne a Satumba ko Oktoba bayan ɗaukewar damina. A ranar farko sukan shuka sha'ir a cikin yashi a wani ɗaki mai duhu, ya tsiro rawaya-rawaya saboda rashin rana, shi ne suke kira jamara. A rana ta goma dattijon gida yakan zauna, a gabansa ga faranti da ɗanyar shinkafa da aka cuɗa da kindirmo da jan gari, sai na ƙasa da shi su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna sunkuyawa, yana danna musu cuɗin a goshi, yana maƙala musu jamara a bayan kunne ko a gashi, yana sa musu albarka, sannan ya miƙa musu sababbin takardun kuɗi. Wannan cuɗin shi ne tika. Saboda shi mutane ke yin tafiyar yini guda a mota zuwa ƙauyukansu, har Katmandu ta yi fayau, ofisoshi a rufe, yara kuwa suna ta lilo a kan dogayen gorori da aka ɗaure a filin unguwa.

Sai dai kada a ruɗe ka da cewa kwalliya ce kawai. Tushen bikin bauta ce ga Durga, wadda mabiya addinin Hindu suka yi imanin ta ci nasara a kan wani mugun aljani mai suna Mahishasura. Ni ban karɓa ba, kuma ba a yi fushi da ni ba, domin tun kafin ranar na gaya wa mai masaukina, shi kuma ya gaya wa mahaifinsa. Da layi ya zo kaina na dafa ƙirji na gaishe shi, tsohon ya yi murmushi, ya yi mini fatan alheri da baki, ya damƙa mini ayaba da tuffa. Sun saba da Musulmi, tunda kusan mutum 5 cikin 100 na ƙasar Musulmi ne. Abin da zai jawo jin kunya shi ne ka yi shiru sai hannun dattijo ya kusa goshinka sannan ka kauce.

Haka batun nama, ka faɗa tun da wuri. A rana ta takwas da ta tara ake yin hadaya da awaki da ɓaunar gida, ana fille kai da sara ɗaya, kuma naman nan ne zai cika gidaje. Ka ce shinkafa da miyar adas, wani irin ƙananan wake, da ganye sun ishe ka, dama shi ne abincinsu na kullum, dal bat, safe da yamma. Naman saniya kuwa kada ma ka ambace shi, domin doka ta hana yanka ta. In kwaɗayin nama ya taso, akwai masu yankan halal kusa da masallacin Jame, daura da hasumiyar agogo ta Gantagar.

Inda na fi jiye maka tuntuɓe shi ne abin da suke kira juto, wato duk abin da ya taɓa bakin mutum ya gurɓata ga wani. Mu da muka tashi muna cin tuwo a kwano ɗaya, wannan yana da wuyar shiga kanmu. Na taɓa sa cokalin da nake ci da shi a cikin kwanon yajin da aka ajiye wa kowa, uwar gida ba ta ce uffan ba, ta ɗauke kwanon ta kawo wani, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Kada ka ɗebo daga farantinka ka ba wani, ruwa kuma ka ɗaga butar sama ka tsiyaya a baki ba tare da leɓenka ya taɓa ta ba. Ka cire takalmi a ƙofa, ka ci da dama, kada ka shiga madafa sai an ce ka shigo, namijin da ya girme ka ka ce masa "dai", wato yaya a harshensu, mace kuma "didi".

In zamanka ya kai mako biyu zuwa uku bayan nan, za ka ga Tihar, bikin fitilu na kwana biyar, inda a rana ta biyu ake rataya wa karnuka furanni a wuya, har na kan titi. In za ka kira ni ka tuna agogonsu yana gaba da namu da awa 4 da minti 45, kada ka tashe ni kafin asuba.

Baffanka.