Likita, wannan lambar ba ta yi yawa ba?

Tambaya: An ba ɗana mai shekara biyu jar ƙwayar bitamin A, sai na ga 200 000 a jikin kwalbar. Ba ta fi ƙarfinsa ba? (Wata uwa, Marwa)

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Haruffan UI da ke bin lambar awon ƙarfin magani ne, ba nauyi ba. Dubu 200 ɗin nan miligiram 60 ne kacal na bitamin. Ita ake ba yaro daga wata 12 zuwa 59, ɗan wata 6 zuwa 11 kuma shuɗiya mai dubu 100. Sai dai kada a maimaita masa kafin wata huɗu, don bitamin A taruwa yake a hanta.

Tambaya: Ni malamin lissafi ne. Ana yi wa 'yata allurar fenisilin duk wata saboda ciwon zuciya, 1 200 000 a tashi ɗaya, kuma tana shan zafi. Na lissafa, lambobi 96 ne ke raba wannan adadi ba saura. Me zai hana a kasa shi huɗu, dubu 300 kowane mako? (Wani uba, Garwa)

Amsa: Malam, lissafinka ba gyara, na zauna na bi shi. Adadin cika ne, ba mara ba. In ka warware shi za ka sami 2 guda bakwai, 3 guda ɗaya, 5 guda biyar, ka ƙara ɗaya a kan bakwai da ɗaya da biyar ɗin, sai 8 sau 2 sau 6 ya ba ka 96. To amma jiki ba allo ba ne. Wannan nau'in fenisilin, benzatin, an yi shi ne ya zauna a tsoka yana narkewa sannu a hankali har mako uku zuwa huɗu, yana tare ƙwayar cutar maƙogwaro da ke sake taɓa zuciya. Kason da kake so ba wanda likitoci suka san yana karewa ba ne, ga shi yarinya za ta sha tsira huɗu maimakon ɗaya. Ragin da muka sani shi ne dubu 600, ga yaron da bai kai kilo 30 ba ko kusa da haka. Batun zafi kuwa, ka roƙi mai allurar ya haɗa da lidokain, maganin kashe zafi, ya kuma tura a hankali.

Tambaya: Na yi gwajin jini a Injamena, jajayen ƙwayoyi 4,8. Na abokina da aka yi a Najeriya 4,800,000. Jinina ya ƙare ke nan? (Wani ɗan kasuwa, Kusiri)

Amsa: Alhaji, jininku ɗaya. A takardar Faransanci waƙafi ne ke tsayawa a matsayin ɗigo, kuma a gefe za ka ga 10 da ƙaramin 6 a kansa, wato miliyan. Ƙwaya miliyan 4.8 ke nan a mikrolita guda. In ƙarancin jini kake tsoro, duba layin hemogulobin, sinadarin da ke sa jini ja: ƙasa da 13 ga namiji, sai ka kawo takardar asibiti.