Cikin manyan babura ukun nan, wanne Alhaji zai ɗauka?

Ɗana, tambayar da ka yi mini da yamma muna rufe gareji, ba raina ta na yi ba da na yi shiru. Hannuna na cikin baƙin mai, ita kuma amsar ba ta tsaye ba ce. Ka ce Alhajin nan da ke kawo mana ƙaramin babur ɗinsa ya ga manyan babura uku a wurin wani dillali, duk 'yan Beljiyam: Honda VFR800 na 2004, Yamaha FJR1300 na 2007, da BMW R1150RT na 2003. Ya ce ka je ka duba masa. Na kuma lura idonka ya tsaya a kan BMW, don shi ya fi sheƙi kuma shi ya fi araha.

Fara da mutumin kafin ƙarfen. Dogo ne mai jiki, Kano zuwa Abuja yake yi sau biyu a wata, sama da kilomita 400, wani lokaci da ƙaninsa a baya da jakar kaya. Duk ukun don irin wannan tafiyar aka ƙera su, babur mai gudun 'yan tsere amma ka zauna a kai awa biyar bayanka bai ƙage ba. Sai dai masu ƙera su lissafin hanyoyin Turai suka yi, inda kowane gari akwai shagon kamfani. Mu a nan, ranar da ya mutu masa tsakanin Zariya da Kaduna, wayarka ce za ta yi ƙara. Shi ya sa duk wanda ka tsaya a gabansa abin da za ka tambayi kanka guda ne: in wannan ya kwanta, ni da maigidana za mu iya tashinsa da kayan aikin da ke garejinmu?

BMW ɗin ka cire shi daga ranka. Ba na ce mugun babur ba ne. Silinda biyu gare shi, kowace ta leƙo ta gefe, iska da mai ke sanyaya shi, saitin bawul kuwa da sipana da alanki ake yinsa kana zaune a kan benci, duk kilomita 10,000. Nan kam ya kyauta wa bakanike. Birkinsa ne ba na so. Na waɗannan shekarun an sa musu famfon lantarki da ke ƙara wa hannu ƙarfi. Ka murɗa makulli ka matsa birki za ka ji ɗan kukansa daga ƙarƙashin tanki. Yana aiki, birki ne na gaske. Ranar da ya mutu kuwa ɗan abin da ya rage a hannu bai taka kara ya karya ba, kana matsewa iya ƙarfinka, kusan kilo 280 na ci gaba da tafiya da kai. Ni dai duk yawona a Ƙofar Ruwa da Fanteka ban taɓa cin karo da wannan famfon ba, sai oda daga waje. Ga kulocinsa busasshe irin na mota, yana tsakanin inji da giyabos, kafin ka kai gare shi sai ka raba babur gida biyu ka ɗaga bayansa sama. Ka haɗa waɗannan biyun, sannan ka sake kallon arahar.

VFR shi ne na raina, ba zan ɓoye maka ba. Silinda huɗu ce aka jera biyu gaba biyu baya, injin cc 781, tayar baya a hannu ɗaya take, lagireto biyu a gefe da gefe. Waɗanda aka yi daga 1998 zuwa 2001 ba su da taimin cen ma sam, haƙoran giya ne ke juya kamshaf, shi ya sa za ka ji suna wani siririn fito in an ba su wuta. Da irinsu ne a wurin dillalin da sai na yi dogon tunani. Amma daga 2002 Honda ta koma taimin cen, ta kawo abin da take kira VTEC. A ƙaramin gudu bawul biyu ne ke aiki a kowace silinda, in juyin inji ya kai wajen 7,000 sai sauran biyun su buɗe, babur ya canza murya ya zabura. Daɗi a kan hanya, wahala a kan benci. Ana so a duba bawul duk kilomita 24,000, kuma dubawar sai ka cire kamshaf, ka sa wasu 'yan ƙusoshi na musamman da ke kulle bawul ɗin VTEC, ka mayar, ka auna, ka sake cirewa. Tsadar aikin ta sa masu su da yawa can waje ke tsallake shi, a ƙarshe ya faɗo kanmu. In ka tashe shi da sanyi ka ji ƙaras-ƙaras daga kan inji, yawanci tenshonar cen ce ta gaji.

Ciwon da aka fi sanin VFR da shi na caji ne, kuma ina so ka iya gano shi da idonka. Cire rigar robar gefe, ka nemi wayoyi uku masu ruwan ɗorawa da suka fito daga koyil ɗin inji za su rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke cajin batir. Bi su da yatsa har soket ɗin da suka haɗu. Zare shi ka kalli cikinsa a haske. Lafiyayye fari ne tas, ƙarafansa na ƙyalli. Mai ciwo za ka ga robar ta koma kalar ƙanzo, wani ramin ya narke ya karkace, ka kai hanci ka ji ƙauri. Daga nan ka ɗora mita a kan batir. A kashe ya ba ka 12 da rabi ko sama kaɗan. Ka tashe shi ka riƙe wuta a 5,000, ya zauna tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai 13 ba, ba ya caji. In ya haura 15, dafa batir yake yi, kuma yana iya ƙona burenbos, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa inji. Wannan ciwon muna da maganinsa: a yanke soket, a haɗa wayoyin da dalma, a sa rektifaya mai kyau. Don haka ba dalilin fasa ciniki ba ne, dalilin rage kuɗi ne.

Abin da ya sa ban ba Alhaji VFR ba shi ne jikinsa da tafiyarsa. Zaman a ɗan duƙe yake, wurin goyo kuma bai wadata ba ga manya biyu da kaya. Sannan sarƙa ke jan tayarsa. Ka san abin da ƙurar hunturu ke yi wa sarƙa mai maiƙo, tana zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye haƙora. Mutumin da ba zai durƙusa ya wanke ya shafa mai bayan kowace tafiya ba, kar ka haɗa shi da sarƙa.

FJR ba sarƙa ke jan tayarsa ba, farfela gare shi kamar mota, a rufe, ba ruwansa da ƙura. Man giyan da ke cikin kan farfelar bai cika kofin shayi ba, minti goma ka canza shi. Silinda huɗu a jere, cc 1298, tanki lita 25, a tafiyar hankali yakan haura kilomita 350 bai nemi gidan mai ba, ka ga ba sai ya tsaya wurin 'yan bumburutu ba. Gilashin gaba da maɓalli ake ɗaga shi. Bawul sai wajen kilomita 40,000 ake dubawa, kuma aikin irin wanda ka saba gani ne. Giya biyar ce, kar ka yi ta neman ta shida ka ce an cire, sai 2016 aka ƙara ta. Shekarar ma ta yi daidai. Na farko-farko, 2001 zuwa 2005, suna gasa ƙafa da cinya da zafin inji, a 2006 aka gyara hanyar iskar. Wanda ya taɓa tsayawa a danja a Kano cikin watan Afrilu ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shi ma da nasa. Ka tabbata yana da hannun kuloci a hagu, don akwai wani samfurin da lantarki ke kama masa kuloci, wannan ba namu ba ne. Na 2006 zuwa 2009 kamfanin da kansa ya taɓa kiran wasu a canza musu gidan makulli, a kuma gyara mahaɗar wayoyin as, wato na negetif, da ke ɗaukar zafi. Ka kunna shi ka girgiza wayoyin wuya kana kallon fitilun allo, in suna ƙyaftawa ka sani. Nauyinsa wajen kilo 290, ya ninka Boxer fiye da sau biyu, tsakaninsa da ƙasa kuma santimita 13 ne kacal. Duk tudun rage gudun da ke bakin garuruwan hanya sai ya bi a hankali, in da goyo ma a karkace. Kwanta a ƙasa ka haska bututun salansa da gindin inji, nan za ka ga ko an sha buga shi. Ka gaya wa Alhaji gaskiya tun yanzu, wannan ba babur ɗin shiga yashin hanyar ƙauye ba ne.

Duk wannan bayanin samfuri ne. Wanda ke tsaye a gaban dillali kuma tarihinsa daban, shekara kusan ashirin a hannun mutanen da ba mu sani ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, aikinmu shi ne mu san ta ina.

Ka same shi da sanyi. Ina kamar shekarunka wani mutumin kirki ya aike ni duba masa babban babur. Na isa na tarar da inji da ɗumi, mai sayarwa ya ce ya ɗan tashe shi ne don kar ya ɓata mini lokaci, har na yi masa godiya. Bugu ɗaya ya tashi, murya sumul, aka biya kuɗi. Washegari da asuba mai shi ya tashe shi a ƙofar gida, shuɗin hayaƙi ya rufe layi. Ringi ya gama. Na yi aikin ban karɓi ko sisi ba, amma sai da ya shekara uku bai sake taka garejin maigidana ba, kuma har yau in na tuna fuskarsa da safen nan sai na ji nauyi a ƙirjina. Saboda haka kafin kowa ya taɓa makulli, kai bayan hannunka jikin bututun salansa. In da ɗumi, ka ce za ka dawo gobe.

Buɗe tanki ka haska tocila har ƙasa. Babur ɗin da ya daɗe a ajiye kafin a loda shi a jirgi yakan yi tsatsa a ciki, tsatsar kuma famfon mai da nozul take kashewa. Ɗora shi a jek ɗin tsakiya, wani ya danne baya, ka juya kan hagu da dama a hankali; in ya ɗan maƙale a tsakiya, boris ɗin wuya ne. Shafa ƙarfen shokazoban gaba ka ga ko yatsanka zai ɗauko mai. Sannan ka duba ɗan tudun da ke tare kai kar ya wuce iyaka, a gindin wuya. Roba ana canza ta, fenti ana sabunta shi, amma wannan tudun in ya fashe ko an yi masa walda, babur ya sha ƙasa da ƙarfi. Firam ɗin VFR da na FJR alminiyam ne, ba a miƙe shi da wuta da guduma yadda muke yi wa Jincheng. Ka ga haka, juyo abinka.

Allon tafiya ka lura ko mil yake ƙirgawa. Na Amurka mil ne, 50,000 a can kilomita 80,000 ke nan. Tayoyi kar zanensu ya ruɗe ka, nemi lambobi huɗun nan na gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wadda ta wuce shekara biyar ko shida ta bushe, a sa kuɗin sabuwa cikin ciniki. Sa'ar da aka yi VFR da FJR girman taya ɗaya suke ci, 120/70 a gaba, 180/55 a baya, duk a kan rim 17, kuma shi ya fi samuwa.

Makulli nawa ne? Na Turai da yawa makullinsu na da ƙwaƙwalwa, Honda na kiran nata HISS, Yamaha kuma takan ba da jan makulli guda wanda da shi ake yi wa sauran rajista. In ɗaya tal aka miƙo maka, ranar da ya ɓata an shiga kashe kuɗi mai yawa. Takardar kwastan kuma ka ɗora ta a kan tanki, ka karanta lambar shasi harafi-harafi kana duba ta jikin wuya, kar ka yarda wani ya karanta maka.

In FJR ya tsallake waɗannan, shi za ka ce wa Alhaji ya ɗauka, ya kuma ware kuɗin baƙin mai da filta, ruwan lagireto, man birki da batir kafin ya hau babbar hanya, ya sayi hular kwano ta gaske guda biyu, tasa da ta ƙaninsa. In bai tsallake ba, a koma kan VFR a rage kuɗin caji da na bawul. Dillali zai ce maka akwai wanda ke zuwa da kuɗi da la'asar, ka ce Allah ya ba mai rabo sa'a. Ko sisin la'ada kar ka karɓa daga hannunsa, Alhaji ne ya aike ka.

Gobe bayan asuba ka biyo ta gida ka ɗauki mita da tocila da sipana mai lamba 10. Kira dillalin yau da dare ka gaya masa kar kowa ya tashi ko ɗaya cikinsu sai ka iso.