Tambayoyin Kicin: Romon kaza da shinkafa yana zame min fate

Assalamu alaikum Anti, ina gaisuwa daga Makka, wajen Shari Mansur muke. Surukata ce ta zo Umara mura ta kamata ga tari, tace ba abin da ranta ke so sai romon kaza mai ɗan shinkafa a ciki. To duk sanda na yi kafin in zuba mata shinkafar ta shanye romon tas ya koma fate, ga ƙarni kuma don kazar firiza ce. Dan Allah ya zan yi? Maman Ummi, Makka.

Wa alaikumus salam Maman Ummi, Allah ya ba Hajiya lafiya, murar Makka kam sai haƙuri, ga sanyin AC ga cunkoson Harami.

Bari mu fara da ƙarnin. Ki sauko da kazar ƙasan firij tun dare ta saki da kanta, kar ki jiƙa ta a ruwan zafi. Ki cire kitsen wajen gindi da baƙin jinin nan da ke maƙale a ƙashin baya, nan ƙarnin yake ɓuya, sai ki goga mata lemun tsami da gishiri ko khal, wato vinegar. Kaza mai giram 900 zuwa kilo 1, ruwa lita 2 da rabi ya isa, ki ɗora da ruwan sanyi kuma ki tsaya a kai ki kwashe kumfar farko kafin ki sa komai, wlh yawancin mata nan suke sakaci su zuba kayan ƙamshi kumfa ta koma ciki. Bayan nan albasa, tafarnuwa, ɗanyar citta da yawa tunda mura ce, kanumfari 3, masoro, hel (wato cardamom) kamar 4 da lomi (busasshen lemun tsami) guda ɗaya ki huda shi, amma kar ya daɗe sosai yana sa ɗaci. Wuta kaɗan minti 35 zuwa 40 ta nuna, kajin nan ƙanana ne ba irin kazar Hausa ba da za ki wuni kina jira. Ki tsame, ki tace romon, ki yayyaga naman.

Shinkafa kuma ba ta daina shan ruwa ko an sauke tukunya, shi ya sa romon ke komawa fate. Ni dai shawarata ki dafa ta daban, in za ki ba Hajiya ki zuba cokali 3 a kwano ki kwarara romo mai zafi a kai. In kuma lallai tare kike so to rabin kofi kacal, basmati wankakkiya, a sha nan take. Ruz masari, wato shinkafar Masar, kam kauri take yi, da ita mutanen Hijaz ke yin saliƙ ɗinsu, wani faten shinkafa da romo, har su ƙara madara, kenan abin da kika yi ma ya kusa zama abincin maƙwabtanki.

Attaruhu kaɗan saboda tarin, daddawa in kina da ita ki ɗan jefa, tsofaffinmu ba sa jin romo ya yi in babu ita. Ragowar ki sa a firij romo daban shinkafa daban. In zazzaɓi ya ƙi sauka ko numfashinta na yin wuya kuma ku kai ta asibiti.